Kafin Ka Danƙa wa Ɗan Kwangila Gyaran Gidanka

Gyaran tsohon gida ya fi ginin sabo wuyar sha'ani, kuma duk maginin da ya daɗe a sana'ar zai gaya maka haka. A sabon gini fili ne a shimfiɗe, kowa na ganin abin da aka zuba a ƙasa. A tsohon gida kuwa ba wanda ya san abin da ke bayan filasta sai an fasa: wayar da aka binne tun zamanin iyaye, katakon rufin da gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, bututun da yake tsiyaya a ƙarƙashin daɓe shekara da shekaru. Duk inda aka fasa aka tarar da sabon lahani, maganar kuɗi ta sake tashi, kuma a nan ne halin wanda ka ba aikin yake fitowa. Abin da zan kawo ya shafi irin gyaran da muka saba yi a gidajenmu na Kano, Zariya, Katsina da Kaduna: sauya kwano, sabunta banɗaki da kicin, sa tayil, sake wayarin, ƙara ɗaki ko ɗora bene, galibi kuma iyali na cikin gidan ana aikin.

Abu biyu nake so ka riƙe tun daga farko. Amanar ɗan kwangila ba a fuskarsa ake karanta ta ba, ba a daɗin bakinsa ba, ba kuma a dangantakarku ba. A tsohon aikinsa ake ganinta. Na biyu, kada kuɗinka ya taɓa riga aikin gaba. Sauran bayanin duk hanyar cika waɗannan biyun ne.

Fara da kanka kafin ka kira kowa

Ɗauki takarda da biro ka bi gidan ɗaki ɗaki, ka rubuta abin da ya lalace da abin da kake so a yi. Ka shigar da uwargida cikin wannan zagayen, domin ita ta san inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida in an yi wanki, ita ta san kusurwar da ke yoyo da soket ɗin da ke ɗaukar zafi. Bayan nan ka raba jerin gida biyu: na dole da na ƙawa. Rufi, tsagar bango, wayar wuta da hanyar ruwa su ne na dole. Silin mai ado da fitilu kala-kala za su iya jira.

Aikin ma yana da jeri. Rufi ne farko, sai gyaran bango, sai bututun ruwa da na waya da ake binnewa, sai filasta, sai silin, sai tayil, fenti ya zo ƙarshe. Wanda ya sa tayil kafin mai famfo ya gama nasa, zai biya kuɗin tayil sau biyu. In kwano za ka sauya, ka tsara shi cikin rani. A yankinmu ruwa kan sauka daga wajen Mayu ko Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, kuma ba abin da ya kai a yaye maka rufi hadari ya haɗo tashin hankali.

In gidan gado ne, kada ka taɓa bulo ɗaya sai magada sun amince, an kuma rubuta wa ya kawo nawa da matsayin kuɗin: kyauta ne, bashi ne a kan gidan, ko za a cire ranar rabo. Sannan ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin da ka tanada, ka ajiye su gefe saboda abin da fasa bango zai tono. Wannan ajiyar tsakaninka da Allah ce, ba ta shiga hirarka da ɗan kwangila.

Wane irin mutum aikin yake buƙata?

Ba kowane gyara ne yake son ɗan kwangila ba. In fentin ɗakuna biyu ne ko sauya ƙofa, nemi mai sana'ar kai tsaye. Ɗan kwangila yana da amfani ne in aikin ya haɗa hannu da yawa, birkila, kafinta, mai wayarin, mai famfo, mai tayil, ana buƙatar mutum ɗaya da zai jera su, ya hana wannan ɓata aikin wancan, kuma shi za ka riƙe in wani abu ya ɓaci.

Amma akwai iyakar da ko ɗan kwangilar ma bai isa ya tsallake shi kaɗai ba. Duk aikin da ya taɓa abin da ke ɗauke da nauyin gida, kamar rushe bangon da ke tsakanin falo da ɗaki don a faɗaɗa, ko zuba dakin, wato rufin kankare, a ɗora bene, ko ɗora babban tankin ruwa a sama, sai injiniyan gini ya duba. Tankin lita 2,000 in ya cika, ruwan cikinsa kaɗai tan biyu ne. Gidan da aka yi wa harsashin ƙasa zalla ba a ɗora masa bene don kawai birkila ya buga bango da hannu ya ce "zai ɗauka, Alhaji". Injiniyan zai sa a tona gefen harsashi ya ga zurfinsa da faɗinsa, ya duba ko akwai ginshiƙai na kankare da rodi, sannan ya zana abin da za a ƙara. Kuɗinsa kaɗan ne a kan abin da yake karewa, wato rayukan 'ya'yanka.

A Najeriya hukumar COREN ce take yi wa injiniyoyi rajista, ARCON ta masu zanen gine-gine ce, CORBON kuma ta ƙwararrun magina. Injiniya mai rajista yana da lamba da hatimi, kuma ba ya jin haushi in ka tambaye shi. Ka ɗauko shi da kanka, kai ka biya shi, kada ɗan kwangila ya kawo maka nasa, domin aikinsa shi ne ya duba ɗan kwangilar. Ƙara bene ko sauya fasalin gida yana buƙatar izinin hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja. Wanda ya ce maka "bar wannan, za mu san yadda za mu yi da su in sun zo" ya riga ya nuna maka yadda zai yi da kai.

In gidan naka ginin ƙasa ne, irin na cikin birni mai soro da azara, nemi maginin da ya san ƙasa. Mutane da yawa sun lulluɓe bangon ƙasa da siminti suna ganin gata suka yi masa, alhali siminti ba ya kama ƙasa yadda ya kamata. Danshi sai ya maƙale a tsakani, bangon ya riƙa ruɓewa ta ciki, wata rana filastar ta ɓallo faifai guda. Tsofaffin magina na gargajiya suna nan, kuma dattawan unguwa sun san su.

Inda ake samo sunaye

Tambayi wanda aka yi wa aiki irin naka, ba wanda ya san wani mai yi ba. Maƙwabcin da aka sauya wa kwano bara ya fi maka abokin da ƙanin matarsa yake "harkar gini". Masu sayar da kaya ma sun san su sarai. 'Yan rodi da siminti na Ƙofar Ruwa, 'yan katako na Na'ibawa, masu kayan gini na Dei-Dei in kana Abuja, duk sun san ɗan kwangilar da ke biyan bashi da wanda ke zuwa yana cewa a ba shi mai araha a rubuta masa rasit na mai tsada. Sai dai ka lura, wani mai shagon zai tura maka wanda yake kawo masa ciniki ne, don haka maganarsa mafari ce kawai.

Hotunan Facebook da Instagram ba hujja ba ne. Kowa na iya tsayawa a gaban ginin wani ya ɗauki hoto.

Sai maganar ɗan uwa. Ban ce kada ka ba ɗan uwanka aiki ba. Na ce ka auna shi da ma'aunin da za ka auna bare. Tambayi kanka: in ya ɓata aikin, zan iya cewa ya fasa ya sake? Zan iya riƙe masa sauran kuɗi ba tare da an kira taron dangi ba? In amsar a'a ce, ka taimake shi ta wata hanyar, ka ba wani aikin.

Ka tara mutum uku. Ƙasa da haka ba ka da abin kwatantawa.

Je ka ga aikin da ya sha damina

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne yawancin mutane suke yin sakaci. Kowane daga cikin ukun ka ce ya kai ka wurare biyu: inda yake aiki yanzu, da inda ya gama aƙalla shekara biyu da suka wuce. Sabon fenti yana rufe komai. Damina biyu kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

A tsohon aikin, fara da ɗaga kai. Dubi silin, musamman kusurwoyi da inda rufi biyu suka haɗu. Tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa, ko da ya bushe, shaidar yoyo ce. Sauko da idonka ƙasan bango, daga daɓe zuwa gwiwa: in fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar kanwa ya fito, danshi ne yake hawowa. Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa tayil nan da can. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take, wanda aka ɗora a kan ɗigon siminti kuwa za ka ji yana amsawa kamar ba komai a ƙarƙashinsa, kuma shi ne zai fashe ranar da aka ja gado a kansa. Shiga banɗaki ka roƙi a ba ka bokitin ruwa ka kwara a ƙasa. Ruwan ya nufi magudana kai tsaye, ko ya tsaya a bakin ƙofa sai an bi shi da tsintsiya? Buɗe ƙofofi da tagogi ka rufe. Tsaya a ƙarshen doguwar katanga ka kalle ta ta gefe, za ka ga ko filastar ta miƙe ko tana da ciki da ƙusumbi. Tsaga siririya kamar gashi a filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har tana karɓar bakin makulli, wannan magana ce babba.

Sannan ka nemi ganin mai gidan, ba a gaban ɗan kwangilar ba. Karɓi lambarsa ka kira shi daga baya, ko ka dawo kai kaɗai bayan la'asar. Mutanenmu ba sa son ɓata wani, in ka ce "yaya aikinsa?" za a ce maka "alhamdu lillahi, ba laifi". Don haka ka yi tambayar da ba a amsa ta da ba laifi. Nawa kuka yi da farko, nawa aka ƙare? Wata nawa ya ce, wata nawa aka yi? Akwai lokacin da ya ɓace ya bar aikin? Leburori sun taɓa zuwa ƙofar gidanka suna neman haƙƙinsu? Da wani abu ya lalace bayan ya karɓi kuɗinsa, ka kira shi, ya zo? Ta ƙarshe ita ce mai nauyi: Alhaji, in za ka sake wani aikin gobe, shi za ka kira? Ka saurari amsar, ka kuma saurari shirun da ya zo kafin amsar.

A wurin da yake aiki yanzu kuwa, ka je ba tare da ka faɗi rana ba. Shi yana nan, ko yara ya bari? Siminti a kan katako yake a rufe, ko a ƙasa cikin danshi? Ɗauki bulo ɗaya ka murza gefensa da babban yatsa. In yashi yana zubowa kamar gari, an ƙwari siminti. Dubi yadda ake kwaɓa kankare: ana auna yashi da tsakuwa da kwano ko baro, ko da ido ake zubawa? Ginin da aka yi jiya, an ba shi ruwa yau? Ka ɗan tsaya da leburori ka gaisa. Mutumin da ke cinye gumin leburansa ba zai ji kunyar cin naka kuɗin ba, kuma lebura mai jin haushi shi ne yake huce haushinsa a kan bangonka.

Ka san gidansa ko ofishinsa, ka san wani babba da yake jin nauyinsa. In ya ce yana da kamfani, ana iya duba sunan ta intanet a shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista. Rajista ba ta nuna gwaninta, amma ƙarya a kanta tana nuna hali.

Ƙiyasin kuɗi

Ka kai su ukun gidan, kowa da lokacinsa, ka ba su jerin aiki iri ɗaya. Lura da yadda kowa yake duba gidan. Na kirki zai fito da tef ya auna, ya hau cikin silin da tocila ya ga katako, ya buɗe akwatin wuta, ya tambaye ka shekarun ginin da inda masai da rijiya suke. Wanda ya tsaya a tsakar gida ya juya sau ɗaya ya ce "miliyan kaza" bai yi lissafi ba, fuskarka ya karanta.

Ka ce a rubuto maka dalla-dalla, kaya daban, kuɗin aiki daban, kowane abu da adadinsa da nau'insa. "Kwano" kawai ba bayani ba ne. Wane iri, kuma kaurinsa nawa? Na alminiyam akwai 0.45, akwai 0.55, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Rodi mai milimita 10 ne, 12 ko 16, guda nawa? Bulo inci 6 ne ko inci 9? Siminti buhu nawa, na wane kamfani, mai lamba 32.5 ko 42.5? Waya fa? A al'ada 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma suna son wadda ta fi haka kauri, kowace da layinta. Waya marar kyau ba ta nuna kanta ranar da aka sa ta, sai dare ɗaya cikin sanyi an jona hita.

Akwai lissafin da kai ma za ka iya yi. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10. Tayil kuma ka auna tsawo da faɗin ɗaki ka ninka tsawon da faɗin, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa. In adadin da aka rubuto maka ya yi nesa da wannan, ka tambaya. In aikin babba ne, biyan ƙwararren mai ƙiyasin gini ya duba takardun uku ba asara ba ce.

In ɗaya ya faɗo ƙasa sosai da sauran biyun, kada ka yi murna. Ko dai ya manta wani abu, ko ya yi niyyar rage kaya, ko kuma so yake ya shigo ya yaye rufin tukuna, ya san daga nan ba ka da bakin musu. Araha ba ta ado. Ni na fi natsuwa da wanda ya ce min "wannan ɓangaren ba zan iya yanke kuɗinsa ba sai mun fasa mun gani, amma ga yadda za mu lissafa in mun gani".

Tambaye shi kuma ayyuka nawa ke hannunsa yanzu. Yawancin 'yan kwangilar da suke ɓacewa ba ɓarayi ba ne tun asali. Kuɗinka suke ɗauka su toshe ramin aikin wani, suna jiran na wani su toshe naka.

Wa zai sayi kaya?

Hanya biyu ce. Ko ka ba shi jinga gaba ɗaya, kaya da aiki, ko kai ka sayi kaya ka biya shi kuɗin aiki. Ta farko ta fi sauƙi ga wanda ba shi da lokaci, amma duk buhun da ya rage ribarsa ce, don haka sai an sa ido. Ta biyu ta fi kare ingancin kaya, amma tana cin lokaci, kuma ma'aikata ba sa tausayin kayan da ba su suka saya ba. In ka tsaya jinkirin kawo yashi, ranar ta tafi a kanka.

Ga wanda yake gari, shawarata ita ce tsaka-tsaki: manyan kaya, siminti, rodi, kwano, waya, tayil, ku je kasuwa tare, shi ya zaɓa da saninsa, kai ka biya mai shago hannu da hannu ka karɓi rasit. Ƙananan kaya irin su ƙusa da wayar ɗauri ka bar masa. Kada ka tara siminti da yawa, yana daskarewa in ya daɗe ko ya sha danshi. Ka sa a riƙa ajiye maka buhunan da aka juye, kana ƙirgawa. Farashi kuma yana motsi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali watanni kaɗan kafin nan bai yi kusa da haka ba, kuma ayyuka da yawa sun tsaya a kan gardamar wa zai ɗauki bambancin. Ku yanke wannan tun kafin a fara.

In kana wata ƙasa ko wani gari, kada wanda ke riƙe kuɗi ya zama shi ne mai duba aiki. Mutum biyu daban, kuma a riƙa nuna maka aikin ta bidiyo kai tsaye, ba hoton da aka zaɓo ba.

A rubuta

A nan za ka ji an ce, "Haba Alhaji, ni da kai ai ba sai mun rubuta ba." Amsar mai sauƙi ce: "Malam, ba don ban yarda da kai ba ne. Rai a hannun Allah yake, in ɗayanmu ya faɗi, magada su san inda aka tsaya." Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ba wanda ya isa ya ce rubutu rashin yarda ne.

Takardar ba sai ta yi turanci mai wuya ba, da Hausa ma ta wadatar in aikin ƙarami ne, in babba ne kuma a kai wa lauya. Ta ƙunshi cikakken sunan kowa da adireshi, jerin aikin da takardar ƙiyasin a manne, jimillar kuɗi da matakan biya, ranar farawa da ta gamawa da abin da zai biyo bayan jinkirin da ba uzuri. A rubuta wa zai kawo ruwa, wa zai kwashe ɓaraguzai, na wa ne tsohon kwano da tsofaffin ƙofofin da aka cire, wa ke da alhakin kayan da suka ɓata a wurin, wa zai yi jinyar ma'aikacin da ya ji rauni. Tsohon kwanon nan kaɗai ya haɗa mutane da yawa faɗa.

Sharaɗi ɗaya ya fi sauran tsare aljihu: duk ƙari ko sauyi, ba a fara shi sai an faɗi kuɗinsa an rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne. "Tunda muna nan bari mu gyara wancan ma" ita ce ƙofar da miliyoyi suke bi su fita. Kuma wannan sharaɗin ya hau kanka kai ma. Ka gaya wa mutanen gida cewa ba mai ba ma'aikata umarni sai mutum ɗaya.

Tunda maza ne za su shigo cikin iyali, a faɗi lokacin zuwa da na tashi, ƙofar da za su bi, banɗakin da za su yi amfani da shi, da cewa ba a shigowa sai da sallama. Ya ba ka sunayen yaransa, kada kullum ka ga sabuwar fuska. Ka kuma sanar da maƙwabta, musamman in katanga ɗaya kuka haɗa, ko indararo zai sauya inda yake zuba, ko tagar bene za ta leƙa tsakar gidan wani. In za a haƙa sabon ramin masai, a nisanta shi da rijiya, taka da ta maƙwabci, aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a ƙara. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Biya

Kafin alƙalami ya zama daidai abin da zai fara matakin farko, ba rabin kuɗin aikin ba. Daga nan biya ya bi aiki: an gama rufi, an duba, a biya. An binne bututu da waya, an gwada, a biya. Ka ɗaure biya da abin da ido zai gani, ba da ranar wata ba. A kowane lokaci ka tambayi kanka: in mutumin nan bai dawo gobe ba, abin da ya rage a hannuna zai ishi wani ya ƙarasa? In ba zai isa ba, kuɗinka ya riga aiki.

Ka biya ta banki, ka rubuta dalilin biyan a jikin saƙon. In tsabar kuɗi ne, ya sa hannu a littafi. Za a zo maka da larura, haihuwa, rashin lafiya, kuɗin makaranta. In za ka taimaka ka taimaka daga aljihunka a matsayin kyauta ko rance daban, kada ka taɓa kuɗin mataki na gaba.

Kai ma akwai naka nauyin. In mataki ya cika, ka biya a ranar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mai gidan da ke ja wa ma'aikata rai, ko yake matse farashi har ba riba, shi da kansa yake koya wa ɗan kwangila rage siminti. 'Yan kwangilar kirki ma suna bincike a kan masu gida, kuma suna gudun wasu.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, fara ba shi ƙaramin yanki, banɗaki ɗaya ko katangar waje. Mako biyu na aiki zai nuna maka abin da hira ba za ta nuna ba.

Ana cikin aiki

Ka riƙa leƙawa, kuma ba a lokaci ɗaya kullum ba. Akwai ranakun da ba a fashi: ranar da za a zuba kankare, injiniya ya ga rodin kafin a rufe shi, ranar da za a rufe bututun ruwa, a sake ruwa a ciki a ga ba ya tsiyaya, ranar da za a buga silin, ka ga katakon sama an shafa masa maganin gara. Ka ɗauki hoton bango kafin a yi filasta, domin gobe ka san inda waya da bututu suka bi. Kankare da filasta suna son ruwa aƙalla kwana 7, kankare kuma sai wajen kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A zafin Maris da Afrilu, ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai, wanda bai ba gini ruwa ba ya ɓata simintinka. Kada a cire katakon da ke tallafe da dakin sai injiniya ya ce a cire.

In ka ga ya fara neman kuɗi kafin mataki ya cika, ko wayarsa ta fara yawan mutuwa, ko ma'aikata sun ragu, ko kayan da aka kawo ba su ne aka rubuta ba, ka tsayar da biya nan take ku zauna. Ka yi magana da shi a keɓe, ba a gaban yaransa ba. In zama bai yi ba, a kira shaidun nan biyu da wanda ya haɗa ku, sannan mai unguwa ko shugabannin ƙungiyarsu ta masu sana'a. In ta kai ga hukuma, akwai kotu, kuma jihohi irin su Kano suna da zauren sasanci. 'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, sai in akwai zamba a ciki. Kafin ka kawo wani ya ci gaba da aikin, a samu wanda ba ruwansa ya auna abin da aka yi a gaban shaidu, a ɗauki hotuna.

Ranar da ya ce ya gama, ku zagaya tare da takardar farko a hannu. A kunna kowace fitila, a gwada kowane soket, a buɗe kowane famfo, a kwara ruwa a kowane banɗaki, a rubuta abin da ya saura da ranar da zai gyara. Ka karɓi makullai duka da rasit na kaya, ka sa a bar maka ragowar tayil da fenti saboda gyaran gaba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin aikin kuma su zauna a hannunka, kamar yadda kuka rubuta tun farko, na tsawon wata shida. In rufi aka yi cikin rani, wa'adin ya kai har bayan ruwan Agusta. In lokacin ya cika ba yoyo ba tsaga, ka kira shi da kanka ka ba shi cikon kuɗinsa.